Wasiƙa: In sojanku ya dawo gida, ku barshi ya sauke numfashi tukuna

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da iyalan sojoji, musamman waɗanda nasu ke can wata ƙasa ana ta ƙirgen ranar dawowarsa. Ni ba soja bace, ba kuma likita ba, yayar soja ce kawai. Ƙanena ne yaje aikin wanzar da zaman lafiya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo lafiya Alhamdulillah, kuma abinda idona ya gani a watannin da suka biyo baya ne yasa nace bari dai in rubuto ko wani gidan zai amfana. Mu dangi mun iya tarbar yini ɗaya, wannan kam ba'a fi mu ba, amma tarbar da sojan yake buƙata sai bayan baƙi sun watse take farawa, kuma a daidai nan ne muke zame jiki mu bar matarsa da shi su kaɗai.

Bari in fara da bidiyoyin nan da suka cika Facebook da TikTok, yawanci na sojojin Amurka, inda zaka ga uba ya dawo daga Iraƙi ko Afghanistan bai faɗa wa kowa ba, sai kawai ya faɗo ajin ɗiyarsa a makaranta cikin kaki, yarinya ta saki ihu ta ruga, kowa na hawaye. Nima ina kallo, nima ina sharar ƙwalla, ba zan ɓoye ba. To amma minti biyu ne fa, kuma ba wanda ya taɓa ɗora mana bidiyon abinda ya faru a gidan bayan wata uku. Sannan ita kanta dirar bazatan ban ga hikimarta ba, yanzu har namu sun fara kwaikwayo. Manzon Allah SAW ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba sanarwa, don mace ta samu ta kintsa, ta shirya jikinta da zuciyarta. Kuma fita tarbar ma tana da asali, yaran Madina sun fita har Saniyyatul Wada suka tarbo shi lokacin da ya dawo daga Tabuka. Wato a sanar, a fita a tarba. Tsohuwar da ke fama da hawan jini ka faɗo mata kamar daga sama don kawai a samu abin ɗorawa a waya, in ta yanke jiki ta faɗi fa?

Ita kuma ranar dawowa, duk wanda yake da soja ya san ba'a rantsuwa a kanta. A ƙa'ida yanzu bataliyar da aka tura aikin Majalisar Ɗinkin Duniya wata 12 take yi kafin a canjeta, amma ba'a tashi sai masu karɓarsu sun iso an miƙa musu aiki, ga jiran jirgi, ga takardu. A 2020 da korona ta ɓarke ai dakatar da canjin dakaru akayi gaba ɗaya har zuwa ƙarshen Yuni, waɗanda suka riga suka ɗaure kaya suka kwance. Mu ma an ɗaga mana ranar ba sau ɗaya ba, kuma duk ɗagawar Innarmu sai ta kwanta ciwo don gani take ɓoye mata wani abu akeyi. Shawarata kar a faɗa wa ƙananan yara takamaimiyar rana, a ce musu ya kusa, sannan dan girman Allah a daina ɗora ranar tashin jirgi da inda zai sauka a status, wannan ba burgewa bace, tsaron ɗaruruwan mutane ne kake wasa dashi.

Ranar da suka iso, a bariki muka tarbe su, kowa da nasa yake nema cikin kaki iri ɗaya. Ya rame, yayi duhu, amma dariyarsa na nan. Inna ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana shafawa kamar mai duba ko an rage wani abu, bata ce komai ba sai "Auta, kai ne?" shi kuma ya durƙusa da jakarsa a baya yana cewa "ni ne Inna, ni ne". Abinda ya tsaya min a rai shine ƙaramin ɗansa, wanda yana rarrafe uban ya tafi. Yaron nan ya san Abbansa sarai, amma a cikin waya ya sanshi. Da uban ya miƙa hannu zai ɗauke shi sai ya ƙanƙame ƙafar uwarsa ya fasa kuka, uwar tana cewa ga Abba nan, ga Abba, shi kuma yana miƙa hannu wajen jakarta inda wayar take. Mutane suka kwashe da dariya. Ƙanena ma yayi dariya, amma ni dake kusa dashi na ga yadda ya mayar da hannayensa aljihu a hankali. Wata gwaggonmu ta fizgo yaron da ƙarfi zata ɗora masa, matar tace a'a Gwaggo a barshi, zai zo da kansa. Gaskiyarta kuwa. Sai da aka ɗau kwanaki uban na zama a ƙasa yana wasa da motar roba shi kaɗai kamar bai damu ba, kafin yaron ya matso ya karɓe motarsa, daga nan aka shirya. Babbar ɗiyarsa kuwa, ita fushi tayi, ta gaishe shi kamar baƙo ta shige ɗaki, ashe riƙe take dashi don ya mata alƙawarin zuwa ranar rabon kyaututtuka a makarantarsu bai zo ba. Yara ba ruwansu da sigina ko umarnin kwamanda, alƙawari suka sani.

Yanzu tambayoyi. Edita wallahi akwai tambayar da in na sake jin wani babba ya yiwa soja sai mun ɓata. Ana zaune falo cike, wani kawunmu ya gyara zama yace "to soja, faɗa mana gaskiya, mutum nawa ka harbe?" yana dariya, samari suka matso. Ƙanena yace "Kawu aikin zaman lafiya muka je ai", ya miƙe wai zaiyi alwala, bai dawo falon ba har aka watse. Mutum bai san me wannan bawan Allah ya gani ba. Wataƙila bai harba ko harsashi ɗaya ba, amma shi ya kwashi abokinsa bayan motarsu ta taka nakiya, ko ya shiga ƙauyen da aka ƙone ya tarar da abinda baki bazai iya faɗa ba. Kuma aikin hular shuɗi, wato na dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, yana da wani ciwo nasa daban, sau da yawa kana riƙe da bindiga kana kallon ɓarna amma dokar aikin ta ɗaure maka hannu. Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada da ya jagoranci dakarun Majalisar a Ruwanda lokacin kisan kiyashin 1994 ya fito fili ya faɗi yadda abin ya rusa shi bayan ya koma gida, har ya nemi halaka kansa. Janar guda kenan fa, balle kofur. In sojan yaso yayi magana zaiyi, a lokacinsa, da wanda ya zaɓa, kuma sau tari ba mu bane, abokan da suka je tare ne. Kar matar taji haushi in taga ya daɗe a waya da su yana ƙyaƙyata dariya alhali ita tun safe kalma biyar ya mata. Zafi ne da abin, na sani, amma ba raini bane.

Sai babbar magana, kuɗi. Nan ne nake so a buɗe kunne. Da zarar akace wane ya tafi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya shikenan dangi sun gama lissafi, dala ce yake kwasa da shebur. Tun kafin ya sauka an riga an raba kuɗin a baki: wannan jari, wannan kuɗin makaranta, wancan zai ƙara aure a taimaka masa, ga masu "ina tsarabata" da basu taɓa kiran matarsa sun tambayi lafiyar yara ba tunda ya tafi. Ga yadda abin yake. Majalisar ba sojan take biyan albashi ba, ƙasar da ta bada shi take biya, dala 1,428 kan kowane soja a wata tun daga Yulin 2018, aka ƙara zuwa 1,448 a 2022. Gwamnatin ƙasar ce ke yanke nawa zai shiga hannun sojan, ko wace ƙasa da tsarinta, kuma ita Majalisar ma takan makara wajen biyan ƙasashen saboda manyan masu zuba kuɗin basa biya kan lokaci. Wanda kuma ya tafi ƙarƙashin ECOWAS ko Tarayyar Afirka lissafinsa daban ne. To mutum zai iya sauka daga jirgi alawus ɗinsa na watanni bai fito ba, ga bashin da gida yaci a bayansa, ga layin 'yan uwa a ƙofa, in yace babu a ce ya samu duniya ya canza. Ko da kuɗin sun fito, ku tuna na me ne. Na shekara guda ne da ya kwana da takalmi a ƙafa, kuma ga da yawansu wannan ce dama ɗaya tak a duk rayuwar aiki da zasu iya mallakar muhalli. Wanda ya baka ka gode, wanda bai baka ba ka masa addu'a ka tafi.

Ba kuma yau aka fara wasa da haƙƙin sojan da ya dawo ba. A ranar 1 ga Disamba 1944 a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka ta Yamma da suka yiwa Faransa yaƙi, suka sha zaman fursuna a hannun Jamus, sun dawo suna neman a biyasu kuɗinsu, sai sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma a lokacin tace 35 ne suka mutu, masana tarihi na cewa sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugaban Faransa Macron ya yarda ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Kakannin da suka je Burma yiwa Birtaniya yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82 su ma sun dawo bayan yaƙi ya ƙare a 1945 da lambobin yabo a ƙirji, da yawansu abinda aka sallame su dashi bai kai na turawan da suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa ba. A kusa-kusan nan ma, 2008, sojojin Najeriya da suka dawo daga Laberiya sun tare hanya a Akure kan alawus ɗinsu da ya maƙale, kotun soji ta yankewa 27 ɗaurin rai da rai a 2009 kafin daga baya a sassauta zuwa shekara 7. Na kawo waɗannan ne don dangi su gane soja bashi da bakin yin zanga-zanga kamar ni da kai, in yayi sunansa bore. Saboda haka in yace bai fito ba, to ka yarda bai fito ba, kar ka ƙara masa da naka.

Dare kuma shine abinda baƙi basa gani. Matarsa ce ta kirani bayan 'yan makonni, muryarta ƙasa-ƙasa, tace "Yaya, Abban yara baya barci." Sai ya kwanta kamar gaske, can tsakar dare ta farka ta ganshi zaune a bakin gado ya jiƙe da gumi, ko ya tashi yana zagaya gida yana taɓa sakata ɗaya bayan ɗaya, wadda ya riga ya duba. In sun fita baya zama sai inda bayansa ke jikin bango yana kallon ƙofa. Ranar da murfin tukunya ya suɓuce mata ya faɗi a kicin, kafin ta sunkuya ya riga ya kai ƙasa ya janyo yaron ƙarƙashinsa, sannan ya tashi yana faɗa kamar zai ci mutum, wai me yasa ba'a kula, bayan minti goma kuma ya dawo yana bata haƙuri kunya ta ishe shi. Nima na shiga motarsa sau ɗaya, wata baƙar leda ce kawai a gefen titi, ya kauce mata har ya kusa shiga hannun masu tahowa, ya kama sitiyari gam yana kallon madubi. Bai ce komai ba, ban ce komai ba. A inda ya fito leda a gefen hanya tana iya zama bam, jikinsa ya koyi haka don ya rayu, kuma jiki baya mantuwa ranar da aka buga hatimi a fasfo.

Ina so a fahimceni, ba kowane soja ke dawowa da ciwo ba, kar a fara yiwa kowa kallon mai taɓin hankali, wannan ma wani zaluncin ne. Mafi yawa wannan zabura da rashin barcin yana lafawa da kansa cikin makonni in an samu kwanciyar hankali a gida. Amma in an wuce wata guda abin na nan ko ƙaruwa ma yake, mugun mafarki, saurin fushi, gudun mutane, ya daina jin daɗin abinda da yake so, ko ya fara neman barci a wajen ƙwaya ko kwalba, to wannan ciwo ne mai suna, likitoci na ce masa PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali. Tun yaƙin duniya na ɗaya aka san shi da wasu sunaye, a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundin cututtuka bayan abinda suka gani a jikin waɗanda suka dawo daga Vietnam. Yana da magani, ana zama da ƙwararre ana warware abin a hankali, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin asibiti. Mu kuma da mun ga haka sai a ce jifa ne, ko aljanun ƙasar da yaje ne suka biyo shi, ko matar ce ta masa wani abu. A yi addu'a, wa zai hana, mu ma munyi kuma munga amfaninta, amma a haɗa da asibiti. In kuwa ya fara maganar gara ya mutu, ko hannunsa ya fara kaiwa jikin matar ko yara, ba sauran jira ko rufin asiri, ranar za'a nemi taimako.

Matsalar ita ce shi soja an horar dashi kar ya nuna gazawa, kuma tsoro yake kar a rubuta a fayil ɗinsa ƙarin girma ya wuce shi. In kace masa "muje ka ga likitan ƙwaƙwalwa" kun ɓata. Namu ta hanyar barci aka bi, akace muje a duba rashin barcin nan, kuma wani tsohon samanja da yake jin nauyinsa ne ya masa magana, ba mu ba. Ku nemi irin wannan mutumin tun wuri, wanda ya taɓa zuwa ya dawo.

Wasu ƙasashen sun gane cewa ɗauko mutum daga filin daga a dire shi a falonsa cikin awa goma ba dabara bace. Birtaniya da Kanada lokacin yaƙin Afghanistan sai sun fara sauke sojojinsu a tsibirin Cyprus, su huta, suyi wanka a teku, a zauna dasu a faɗa musu abinda zasu iya ji a jikinsu in sun koma gida, sannan a ƙarasa dasu. Amurka kuma bayan gwajin lafiyar da akeyi da an sauka, tana sake kiran sojan tsakanin kwana 90 zuwa 180 a kuma duba shi, saboda an lura a satin farko kowa cewa yake lafiya lau don a sake shi ya tafi gida, sai daga baya abin ke fitowa. Ba wai su sun gama magance matsalar bane, har gobe suna fama da tsofaffin sojoji masu kashe kansu. Amma dai dubawa ta biyun nan ba wani kuɗi zata ci ba, kuma ya kamata a riƙa kiran matar ko mijin a ji ta bakinsu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya kawoni kan matar, wadda a ganina ita aka fi zalunta ranar tarba. Kowa na rungumar soja, ana ɗaukar hoto, ita tana can tana hidimar baƙi ba wanda yace mata sannu. Alhali ita ma aikin ta tafi, a gida dai tayi nata. Ita ta kwana asibiti da yaro yana zazzaɓi bata faɗa masa ba don kar hankalinsa ya rabu a wajen sintiri, ita ke zuwa makaranta in an kira iyaye, ita ta koyi rigima da mai gyaran famfo da mai gidan haya, duk labarin da aka ce an kai hari a ƙasar sai cikinta ya ɗuri ruwa har sai taga ya hau online. Ga bakin mutane, in tayi kwalliya a ce miji baya nan wa take yiwa, in bata yi ba a ce ta zama ƙazama. To mace ta shekara tana yanke hukunci ita kaɗai, rana ɗaya maigida ya dawo yana bada oda kamar a fareti, me yasa aka matsar da kujerar nan, wa yace yara su kai ƙarfe tara basu kwanta ba, kawo katin banki. Ita taji an kwace mata ragama ba ko godiya, shi kuma yaji gidan ya koyi tafiya ba shi, yara in suna son abu uwar suke tambaya ko yana zaune a wajen. Duk su biyun suna da gaskiya, shi yasa faɗan ke da wuyar rabawa. Abinda na faɗa wa ƙanena shine ka zama baƙo na ɗan lokaci a gidanka, ka kalli yadda ake yi kafin ka canza komai, ka tambaya. Ita kuma nace ki riƙa miƙa masa wasu abubuwan da gangan ko da kin fi shi iyawa yanzu, kai yara makaranta, duba aikin gida, ya samu inda zai sa ƙafa. Ban ce sun ji maganata duka ba.

Mu dangin miji kuma mu ji tsoron Allah. Kwanakin fas, wato hutun da ake basu, ba yawa garesu ba, amma sai mu cika su da zagayen gaishe-gaishe, yau gidan wane gobe gidan wance, wanda ba'a je ba yayi fushi, har hutun ya ƙare mutum bai zauna da iyalinsa yini ɗaya cur ba. Uwa tana da haƙƙi, babba ma kuwa, ba mai musu. Innarmu da kanta ce ta kore shi a kwana na biyu tace "tashi ka tafi wajen iyalinka, na ganka ya isheni", Allah ya saka mata. Sauran mu in munyi sannu da zuwa mu koma gidajenmu, sai bayan wata ɗaya ko biyu mu dawo, lokacin ne ake buƙatarmu: a ɗebe yaran su kwana biyu a wajenmu, a zauna da matar a saurareta ba tare da an kai gaba ba. Kuma duk abinda na faɗa ya hau kan mace soja ma, don yanzu suna tafiya sosai. Ita in ta dawo ma ko hutun bata samu, jaka na ajiyewa ake miƙo mata goyo, ga masu ce mata ta zaɓi aiki ta bar yaranta.

A wajen tarbar akwai wata mata da na hango can gefe da yara biyu, bata cikin masu guɗa. Mijinta da su aka tafi, watanni kafin nan aka kawo shi a akwati, tazo ne ta karɓi sauran kayansa a hannun abokansa. Fiye da ma'aikatan wanzar da zaman lafiya 4,000 ne suka mutu a bakin aiki tun da Majalisar ta fara a 1948, a Mali kaɗai sama da 300 tsakanin 2013 da 2023, wasu a hari, wasu hatsari, wasu ciwo. Ana tunawa dasu duk 29 ga Mayu, a ajiye furanni a karanta jawabi, amma takardun haƙƙin mamaci sai su shekara suna yawo daga tebur zuwa tebur. In naku ya dawo da ƙafarsa, kuyi murna, halal ne, amma a rage kiɗa in maƙociya ce irin wannan, kuma a taka a je mata. Ƙanena ranar bai iya haɗa ido da ita ba, daga baya ne yaje shi da matarsa, kuma cikin dukkan ziyarce-ziyarcen da yayi ita kaɗai ce ba wanda ya tilasta masa.

Roƙona ga hukumomin soji a ko'ina suke, a riƙa tara iyalai kafin bataliya ta sauka a faɗa musu waɗannan abubuwan da baki, ko awa ɗaya ne, a basu lambar da zasu kira in dare yayi tsawo wadda ba zata koma kunnen oga ba, a biya mutane alawus ɗinsu kafin su taka gida. Ku kuma 'yan jarida, Edita, duk sanda dakaru suka dawo hoton fareti da jawabin kwamanda kawai muke gani. Ku tura wakiliya mace ta koma bayan wata uku ta zauna da matan, ku ɓoye sunayensu, ku buga abinda suka faɗa.

Nagode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarmu.

Wassalam,
Yayar wani soja